Yadda Ake Amfani Da Kurkur Don Lafiya, Daga Kasuwa Har Zuwa Tukunya

Kurkur, wanda wasu ke kira kurkum ko gangamau, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mata sun daɗe suna sa shi a haɗin dilka da gyaran amarya, kuma shi ne yake ba garin kori launinsa na ruwan ɗorawa. A 'yan shekarun nan ne ya tashi daga kayan ƙamshi ya koma maganin komai a bakin masu talla: suga, hawan jini, daji, hanta, rage ƙiba, duk an ɗora masa. Abin da ya sa na ga ya dace a yi wannan bayani shi ne, kurkur yana da amfani na gaske, amma yawancin masu shansa ba sa samun amfanin saboda yadda suke sarrafa shi, wasu kuma suna cutar da kansu da shi alhali lafiya suka fito nema. Ra'ayina a fili yake: wurin kurkur shi ne tukunya, kaɗan-kaɗan kullum, tare da mai da masoro. Kafson kurkur kuwa wani abu ne daban, sai a ɗauke shi a matsayin magani, a bi shi da taka-tsantsan irin na magani.

Mataki na farko: a san abin da ake nema a jikinsa

Kurkur saiwa ce, ɗan'uwan citta ne, kuma Indiya ce ta fi kowace ƙasa nomansa da cinsa. Sinadarin da ya ba shi launi, wanda kuma ake danganta yawancin amfaninsa da shi, sunansa kurkumin. Wasu masana biyu, Vogel da Pelletier, su suka fara tace shi daga saiwar a 1815. Abin lura shi ne ba shi da yawa a ciki: a busasshen gari bai cika wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba. Babban aikin da aka fi saninsa da shi shi ne kwantar da kumburin cikin jiki.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne amosanin gwiwa, irin wanda ke hana iyayenmu durƙusawa a salla ko tashi daga tabarma. A 2014 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasar Tailan a kan mutum 367 masu wannan ciwo. An ba rabinsu tataccen kurkur miligiram 1,500 a rana, sauran kuma ibuprofen miligiram 1,200, na tsawon mako huɗu. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan ɗaya, sai dai masu shan ibuprofen sun fi kukan ciwon ciki. A Tailan ɗin dai, a 2012, an bi mutum 240 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba, har wata tara. A cikin waɗanda aka ba kafso na bogi, wato wanda ba magani a cikinsa, kimanin kashi 16 cikin 100 sun kamu da ciwon, a cikin masu shan kurkumin kuwa babu ko ɗaya. Wannan sakamako mai daɗin ji ne, amma gwaji ɗaya ne a gari ɗaya, kuma a kan waɗanda ciwon bai riga ya kama ba. A 2023 kuma wani gwajin a kan mutum 206 masu yawan kumburin ciki da rashin narkewar abinci ya nuna kurkumin ya yi aiki kusa da na omeprazole, maganin da ake ba masu gyambon ciki.

A lura da kyau, duk waɗannan gwaje-gwaje da tataccen sinadari aka yi su. Kafin mutum ya samu adadin da aka ba masu ciwon gwiwar nan daga garin kasuwa, sai ya ci sama da cokali goma a rana, abin da bai kamata kowa ya gwada ba. Saboda haka kurkur na cikin abinci taimako ne mai tafiya a hankali. Batun daji kuwa, babu gwajin da ya tabbatar da cewa kurkur yana warkar da shi a jikin ɗan Adam. Duk wanda ya ce wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti ya koma kurkur, ya cuce shi, ko da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Mataki na biyu: a duba ko ana cikin waɗanda ya kamata su yi hattara

Na kawo wannan mataki gaba da gangan, don bai kamata a je kasuwa ba sai an tsallake shi. Ɗan abin da ake barbaɗawa a miya ba ya damun yawancin mutane. Maganar da nake yi ita ce ta shan cokali guda ko fiye kullum, ko haɗiyar kafso.

Mai tsakuwa a matsarmama ya kiyaye, domin kurkumin yana sa matsarmama ta matse, kuma hakan na iya tayar da ciwo mai tsanani. Wannan ya shafi masu sikila sosai, tunda tsakuwar matsarmama ta yi yawa a cikinsu, wani ma bai san yana da ita ba. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda shi ma ya rage, saboda kurkur yana da sinadarin okzalet mai yawa, wanda shi ne ke haɗa mafi yawan irin wannan tsakuwa. Mai shan maganin tsinka jini, kamar warfarin ko clopidogrel, ko asfirin na kullum, kada ya fara sai likitansa ya sani. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar Niyu Zilan ta yi gargaɗi a kan haɗa kurkur da warfarin a 2018. Wanda aka sa wa ranar tiyata ya dakata mako biyu kafin ranar. Mai shan maganin suga ya riƙa gwada jininsa, don kada su haɗu su saukar da sugan fiye da kima. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta tsaya a kan na girki kawai. Mai ƙarancin jini da aka ɗora a kan maganin ƙarin jini kada ya sha su lokaci guda, domin kurkumin yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin.

Sai masu ciwon hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma da yawa daga masu shi su ne ake tallata wa kurkur da sunan wankin hanta. Irin waɗannan, da masu shan maganin tarin fuka, kada su kusanci kafson kurkur sai da izinin likita. Dalilin yana tafe a ƙasa.

Mataki na uku: sayen saiwa mai kyau

Shawarata ita ce a sayi saiwar, a daka da hannu, maimakon sayen garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba. Ba ta da wuyar samu. Ana noma kurkur a kudancin Kaduna, yankin da aka sani da citta, kuma ana samunsa ɗanye ko busasshe a wurin masu kayan ƙamshi a manyan kasuwanni.

Dalilin wannan shawara ba ƙarami ba ne. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford ta Amurka tare da abokan aikinsu na Bangaladash sun gano cewa ana shafa wa busasshen kurkur wani fenti mai ɗauke da dalma don launinsa ya ƙara haske ya ja hankalin mai saye. Sun samu wannan a gundumomi bakwai cikin tara da suka fi noma shi a ƙasar. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan haɗarinta. Ban ce haka ake yi a kasuwanninmu ba, amma gari yana ratsa hannaye da ƙasashe da yawa kafin ya iso, kuma ana iya cakuɗa shi da garin rogo ko na masara a bi da rini. Saiwar da aka gani da ƙasarta ta fi kwanciyar hankali.

Idan ɗanye ne, a zaɓi mai tauri da nauyi, wanda bai yanƙwane ba, ba shi da laushi ko fumfuna. A ɓalle ɗan yatsa ɗaya a duba cikinsa: ana son launi mai duhu, tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan goro, da ƙamshi mai tashi nan take. Idan busasshe ne, a nemi wanda ke karyewa ƙas, ba ramukan ƙwari a jikinsa. Wanda bayansa ke walƙiya da launi mai ɗaukar ido, har yana barin hoda a tafin hannu da zarar an taɓa, a bar shi. Busasshen kurkur na gaskiya bayansa a dushe yake.

In dole sai gari, a sayi na kamfani mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai gwajin gida mai sauƙi: a zuba ƙaramin cokali a kofin gilas na ruwa, kada a juya. Gari mai kyau zai kwanta a hankali ya bar ruwan da launi kaɗan, mai rini kuwa nan da nan yake rine ruwan. Wannan gwaji yana tona asirin rini ne kawai, ba ya nuna dalma.

Mataki na huɗu: mayar da ita gari

A wanke saiwar sosai, a goge ƙasar da ke maƙale a tsakanin yatsunta. A zuba a tukunya, ruwa ya sha kanta, a tafasa minti 45 zuwa awa ɗaya, har sai tsinke ya shige ta ba da ƙarfi ba. Haka manoman Indiya suke yi, kuma dafawar tana da dalili: tana kashe ɗanyen warin ƙasa, tana baza launin ko'ina a cikin saiwar, tana kuma sa ta saurin bushewa. A tsame, a bari ta huce, a yanka siriri-siriri.

A shanya a kan tire ko tabarma mai tsabta, a ɗaga daga ƙasa, a lulluɓe da ƙyalle mara kauri saboda ƙura da ƙudaje. Ƙyallen yana da wani amfanin kuma, domin hasken rana mai ƙarfi yana cin kurkumin. A riƙa juyawa, a shigar da ita ɗaki da yamma don kada raɓa ta sauka a kanta. Saiwar da ba a yanka ba takan ɗauki kwana 10 zuwa 15, yankakka kuwa 'yan kwanaki ne, musamman da hunturu. Hunturu ne ma lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, don lokacin ne sabon kurkur ke shigowa kasuwa kuma iska a bushe take. Da damina fumfuna kan riga mutum. Alamar ta bushe ita ce ta karye, ba ta lanƙwashe ba.

Sai a daka a turmi ko a niƙa a bilenda, a tankaɗe da rariya mai laushi, a maimaita da tsakin. In za a kai inji, a tabbata an share shi, in ba haka ba a dawo da gari mai ɗanɗanon barkonon wani. A zuba a kwalba busasshiya mai murfi, a ajiye inda ba haske, nesa da murhu. Ya fi kyau a daka na wata biyu ko uku, a bar sauran a yanke, don gari ya fi saurin rasa ƙamshinsa. Ɗanyen kuma yana yin mako biyu ko uku a firji, kuma ana iya gurza shi kai tsaye a girki. Yana rina hannu da roba da tufafi, saboda haka a keɓe masa cokali da faranti.

Mataki na biyar: yadda ake ci har jiki ya amfana

Nan ne yawancin mutane ke yin asara. Za ka ga mutum ya kaɗa gari a ruwan ɗumi ya shanye da sassafe, yana yamutsa fuska, alhali kusan duk abin da ya sha wucewa zai yi. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Ɗan abin da hanji ya tsotsa kuma, hanta takan yi maza ta sauya shi ta fitar. Abubuwa biyu ke gyara wannan.

Na farko mai. Kowane irin mai na girki ya yi: man gyaɗa, man shanu, manja, ko maiƙon da ke cikin madara da gyaɗa. Na biyu masoro. A 1998 masana a wata kwalejin likitanci da ke Bangalo a Indiya sun ba mutane kurkumin giram 2, suka ga da ƙyar ake ganinsa a jini. Da suka haɗa da miligiram 20 na fiferin, sinadarin da ke ba masoro yajinsa, sai abin da ya shiga jini ya ninka kusan sau ashirin. Fiferin yana rage wa hanta saurin fitar da shi ne. Ba a bukatar masoro mai yawa, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa rabin cokalin kurkur.

A girki, ga yadda za a yi. Idan an soya albasa ta yi laushi, a rage wuta, a zuba rabin ƙaramin cokali na kurkur da ɗan dakakken masoro, a juya kamar rabin minti, sannan a zuba kayan miya ko ruwa. Kada a bari ya ƙone, don ɗaci yake yi. Haka za a yi a dafa-duka, faten wake, faten doya, farfesu, miyar taushe, ko wainar ƙwai. Ana kuma iya zuba shi a yajin daka tare da citta da masoro da ƙuli-ƙuli, a ci da shinkafa da wake da mai. Wannan haɗi ya tara duk abin da ake nema a faranti ɗaya.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya shafi girkinmu kai tsaye: kanwa. Kurkumin ba ya jure kanwa. Da sun haɗu sai launinsa ya koma ja, kuma ya fara lalacewa cikin ɗan lokaci. Don haka miyar kuka ko kuɓewa ko wake da aka sa wa kanwa ba nan ne wurinsa ba, haka ma kunun kanwa. Abinci mai ɗan tsami, kamar mai tumatir ko tsamiya, shi ya fi riƙe shi.

Mai son sha kuma, ga haɗin da na fi yarda da shi. A ɗora kofi ɗaya na madara a wuta, ta shanu ko ta gari mai maiƙo. A zuba rabin ƙaramin cokali na kurkur, ɗan masoro, ɗan citta, da kirfa in ana so. A bar shi a wuta kaɗan minti biyar ana juyawa, kada ya tafasa ya zube. A sauke, in ya ɗan huce a sa zuma. Mai ciwon suga ya bar zumar. Madarar shanu ɗanya dole a tafasa ta sosai tukuna. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya sa kurkur ɗin a kunun gyaɗa, wanda a ganina ya ma fi dacewa da bakinmu: ga maiƙon gyaɗa, ga tsamiya, kuma tsofaffi ba sa ƙinsa. A dama garin kurkur ɗin da ɗan ruwan gyaɗar a zuba tun tana kan wuta, don ya dahu tare da ita.

Mataki na shida: nawa ne ya isa

Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya sa iyakar kurkumin da mutum zai riƙa ci kullum a kan miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Mai kilo 60 ke nan iyakarsa miligiram 180. Ƙaramin cokali ɗaya na gari yana kai giram 2 zuwa 3, kurkumin ɗin da ke ciki kuma bai cika kai miligiram 100 ba. Saboda haka rabin cokali zuwa cokali ɗaya a rana ga babban mutum yana cikin iyaka. A fara da kwata na mako guda, in ciki bai yi ƙorafi ba a ƙara. A ci tare da abinci, don a cikin da ba komai yakan jawo ƙwannafi ko tashin zuciya ko gudawa. Yara kuwa abin da suka samu a tukunyar gida ya ishe su.

Mataki na bakwai: idan har sai an sha kafso

Kafso guda na iya ɗaukar miligiram 500 na tataccen kurkumin, wato ya ninka iyakar da aka ambata tun daga ƙwaya ɗaya. Da yawa kuma an ƙara musu fiferin tsantsa ko wasu dabaru don ya ƙara shiga jini. Abin da ya sa suke aiki shi ne kuma ya sa suke da haɗari. A 2019 Italiya ta samu sama da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kayan. A Amurka wani rahoto na 2022 ya kawo mutum goma, biyar an kwantar da su a asibiti, ɗaya ya rasu, kuma an lura yawancinsu suna da wani gado iri ɗaya a jininsu da ya sa suka fi saurin cutuwa. Babu wanda zai san yana da wannan gado ta duban fuska. Hukumar magunguna ta Ostareliya ma ta yi irin wannan gargaɗi a 2023. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ba wasa ba ne.

Wanda ciwon gwiwa ya matsa wa, kuma ibuprofen ko diclofenac ke tayar masa da gyambon ciki, yana da dalilin da zai gwada kafso. Sai ya fara da gaya wa likita ko mai harhaɗa magunguna, ya lissafa duk abin da yake sha, har da na gargajiya, domin fiferin yana sauya yadda jiki ke sarrafa wasu magungunan. Ya saya a kemis mai rajista, ba a mota ko a hannun mai lasifika ba. Ya duba lambar NAFDAC, ya karanta adadin kurkumin da aka rubuta a jiki. Kwalbar da ba ta faɗi adadi ba a mayar da ita. Ya fara da mafi ƙanƙanta, ya sha bayan abinci, kada ya haɗa iri biyu. In da hali, a yi gwajin hanta kafin a fara, a sake bayan wata ɗaya ko biyu.

Mataki na ƙarshe: a sa ido a kan jiki

Kafin a fara, a rubuta yadda ake ji a takarda: ana iya durƙusawa? Taku nawa ake yi kafin gwiwa ta hana? Sau nawa ake neman maganin ciwo a mako? Mai suga ya rubuta lambobin gwajinsa. Bayan mako takwas a sake dubawa. In kafso ne kuma ba a ga bambanci ba, a daina, kada a ƙara yawa da fatan zai yi aiki. In an ga sauƙi, a koma wurin likita a tattauna tsawon lokacin da za a ci gaba, kuma kada a rage wani maganin asibiti da kai.

Akwai alamomin da in an gan su a dakata a ranar, a tafi asibiti: idanu ko tafin hannu su yi launin shawara, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayin jiki ba dalili, kasala mai nauyi, rashin son abinci, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. Haka ma zubar jini daga hanci ko dasashi, ko baƙin bayan gida, musamman ga mai shan maganin tsinka jini. A tafi da kwalbar ko ledar abin da ake sha a hannu, a faɗa wa likita ranar da aka fara da adadin da ake sha, don da wannan ne zai san gwajin da zai rubuta.